Hoton da Baba Bai Yanka Ba

Jikata ce ta tono gwangwanin. Ta zo neman tsohon leshina za ta kai wa tela ya kwaikwayi ɗinkin, wai yayinsa ya dawo, sai ta ci karo da gwangwanin alewa a ƙasan adaka, cike da hotuna. Ta baje su a tsakar ɗaki kamar mai tallan goro. Can ta ɗago ta ce, "Ke tsohuwa, wa ya ɓata hotunan nan? Kowa an yanka masa wuya."

Na ce mata ba ɓatawa ba ce, gyara ne, kuma babana ne ya yi.

Ta ce in ba ta labari. Na fara, wayarta ta yi ƙara, ta fita. Shi ya sa nake rubutawa. Sai da na aurar da 'ya'yana duka sannan na shiga makarantar manya na koyi boko, to bari in more wahalata. Takarda dai ba ta da waya.

Baba baduku ne a Jakara. A zaure yake aiki, yana ɗinka gafaka da kuben wuƙa ana kaiwa kasuwar Kurmi. Malaminsa ya taɓa gaya masa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da surar abu mai rai, amma in an raba kan da gangar jiki, ta tashi daga sura. Ni ba malama ba ce, ban zo ba da fatawa ba. Abin da aka gaya masa ke nan, shi kuma ya riƙe.

Bai hana mu hoto ba. Ba mutum ne mai faɗa ba. Dokarsa ɗaya ce, duk hoton da zai shiga gidan nan sai ya tsaya a zaure. Sai ya ɗora shi a katakon aikinsa, ya ɗauki 'yar wuƙar dukanci, ya ja siririn layi a wuya daga nan zuwa nan, bai huda takarda ba, bai karkace ba. Ya hure, ya miƙo maka, ya ce, "Ya yi kyau."

Da Sallah mai hoto kan zo bakin kasuwa da akwatinsa mai ƙafa uku, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Mu 'yan mata mu jeru, kowa ta ci kwalli da jambaki, ɗankwali ya tashi sama kamar za a kife kwando, kowa ta ƙame kamar an aiko mata da sammaci. Rabin kayan aro ne. Akwai wata sarƙa da ta fito a wuyan kusan duk 'yan matan lungunmu. Baba ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum sai ya ja layinsa sama da sarƙar kaɗan, ya ce kayan mutane ne, kar a ɓata. Akwai hoton da jaki ya shigo ta bayanmu. Shi ma bai tsira ba.

Yayana shi ne ɗan fari a gidan. Bai gaji dukanci ba, ya ce warin fata na sa shi ciwon kai. Gyaran keke ya koya, har ya haɗa wa kansa wani daga tarkace. Da yaƙin basasa ya tashi ana ɗibar soja, ya tafi ya sa hannu, sai da aka gama ya zo ya faɗa. Baba ya ce Allah ya tsare. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. A lokacinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce. Tun da nake ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba. "Wancan" take cewa. In zazzaɓi ya kama shi sai ta dama kunu ta ba ni, ta ce, "Ya yi mini yawa, kai wa duk wanda kika gani." Shi kaɗai ne a ɗakin da take nuna mini.

Bayan wasu watanni wani soja da ya zo hutu ya kawo ambulan. Hoto ne. Yaya a tsaye cikin kaki, hular kwano ta fi kansa, kunnuwa ne suka tare ta. Ya riƙe bindiga yadda ake riƙe taɓarya. A bayansa labule mai zanen jirgin sama da furanni. Sojan ya ce kafin a tura su bakin daga aka ɗauka.

Ni na karɓa, na ruga cikin gida na manta da doka. Baba ya kira ni, na dawo zaure. Ya ɗora hoton a katako, ya ɗauki wuƙa.

Sai muka ji muryar Inna daga bayan ƙofar ciki. Ba ta taɓa yin magana a zaure ba.

"Malam."

"Na'am."

"Wannan kayan gwamnati ne a jikinsa."

Baba ya ce ai ba kayan zai taɓa ba, wuyan ne.

"Wuyan ma yanzu nasu ne. Juya ka gani, ga rubutunsu nan a baya. Ka sa wa takardar hukuma wuƙa, a zo a tafi da kai, wa zai ciyar da mu?"

Da gaske akwai rubutun boko a bayan. Baba ajami ya iya, mu kuma ba mu iya komai ba. Ya daɗe yana kallon rubutun. Ba wawa ba ne. Ya san ba hukuma take tsoro ba, ita ma ta san ya sani. Amma ba za ta iya buɗe baki ta ce kar a ja wuƙa a wuyan ɗana yana wurin yaƙi ba, shi kuma ba zai sa ta faɗa ba.

Ya ajiye wuƙar ya ce, "To. Amma ba zai kwana a gidan nan ba."

Ta ce, "Ni ina ruwana da inda zai kwana."

Akwai mai wankin hula da shagonsa ke kallon ƙofarmu, dattijo ne, abokin hirar Baba. Shi aka kai wa ajiya. Ya ce shi shagonsa ba a kwana a ciki, ba a salla a ciki, a kawo. Ya soke hoton a bango, sama da gumakan da yake kifa huluna su bushe. Sai ya zamana Yaya na tsaye da bindiga yana gadin hulunan mutane.

Washegari da hantsi Inna ta ce mini, "Je ki duba takardar nan ta gwamnati, kar gara ta ci a ce mu ne."

Na je na dawo na ce ba ta ci ba.

"Ke me kika sani a kan gara? Ɗauko in gani."

Na ce Baba ya hana.

"Ya hana a shigo da shi. Na ce ki shigo da shi?"

A bayan gidanmu akwai ɗan lungun da ba kowa ke bi ba, da wani fasasshen turmi da aka yar. Nan ta tura ni. Na kife turmin na hau, na ɗaga hoton sama da katanga, ta waje. Ita kuma tana tsakar gida, ta ɗauko zane tana shanyawa a kan katangar, zanen da ya bushe tun jiya.

"Ɗaga sama. Karkata, rana na haske shi. Kar hannunki ya ƙetaro."

Ta duba, ta duba. Sannan ta ce, "Me za a gani a nan? Kunnuwa ne kawai. Mayar."

Haka muka yi ta yi har yaƙin ya ƙare, in ba ruwa ake yi ba. Kullum gara, kullum kunnuwa. Wata rana ta ce kamar ya rame. Na ce Inna hoto ne fa. Ta ce in rufe mata baki in ɗaga hannu sosai. Baba ya sani, don ta gabansa nake wucewa da hoton. Sau ɗaya dai ya ce in sa dutse a ƙarƙashin turmin nan, yana girgiɗi.

Da na mayar, mai wankin hula sai ya ce, "An duba garar?" In ce an duba. Ya ce, "Madalla. Gobe ma a duba, garar bana ba ta da mutunci."

Yaƙi ya ƙare, sojoji suka fara dawowa. Wani da rediyo, wani da ƙafa ɗaya, wani da bakin da ba ya rufuwa, wani kuma ba ya magana sam. Yaya bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi wajen ƙetare wani kogi, daga nan bai ƙara ganinsa ba. Wani ya rantse ya gan shi a Ikko yana gyaran keke. Baba ya bi ofisoshi har ya gaji, kowa ya ce a dawo. 'Yan'uwa suka ce a yi sadaka a huta. Baba ya ce shi ba a kawo masa gawa ba. Inna ba a tambaye ta ba, don ba a tambayar uwa maganar ɗan fari.

Ni dai ban sauka daga turmi ba. Na girma a kansa, har ya zamana ba sai na yi ɗage ba. Aka yi mini aure a Dala, ba nisa, in na zo gida kafin in sha ruwa sai ta ce, "Wa ya sani ko gara ta gama da takardar mutane." In ajiye mayafi in zagaya. Har da cikin fari na hau turmin nan.

Ana nan idon mai wankin hula ya mutu. 'Ya'yansa suka zo za su mayar da shi ƙauye, aka kwashe shago. Ranar ina gida. Aka jawo shi har ƙofarmu, ya miƙo hoton ya ce, "Ga ajiyarku. Ku gaya wa mai ɗakin Malam gara ba ta ci ba." Na karɓa na tsaya a waje, ban san inda zan nufa ba. Ba wani shago a lungun. Na zagaya baya na hau turmi na gaya wa Inna.

Ba ta ɗauko zane ba ranar. Ta tsaya hannu sake tana kallon hoton. Ta ce, "Bi ta zaure."

Na bi. Baba na zaune yana yanka fatar shanu, mai kaurin nan da ake tafin takalmi da ita. Inna ta zo bayan ƙofar ciki, inda ta tsaya wancan karon.

"Malam."

"Na'am."

"An ce gwamnati ta sake wa sojoji kaki. Wannan na jikinsa ba ya aiki yanzu. Ba wanda zai kama ka. Ka yi abin da ake yi, a shigo da shi."

Muryarta daidai, kamar tana cewa gishiri ya ƙare. Na ɗora hoton a katako.

Baba ya gyara masa zama. Ya goge wuƙar a gwiwa. Ya kai ta har wuyan Yaya, ƙasa da hular kwano. Ina tsaye ina kallon bakin wuƙar. Sai ya ɗago ta, ya gwada a babban yatsa, ya ce, "Ta dakushe."

Wuƙar da ya gama raba fatar shanu da ita yanzun nan. Dutsen washi kuma na nan gefen ƙafarsa, da ruwansa a gwangwani.

Inna ta ce, "A wasa mana."

Ya ce, "Ba yau ba." Ya miƙo mini hoton ya nuna ƙofar ciki da haɓa. "Shiga da shi kafin nan."

Na shiga da shi. Inna ta karɓa ba ta kalla ba, ta sa a cikin langa a jerenta ta rufe, ta ce in zo in tsince shinkafa. Baba ya ƙara shekaru yana yanka fata da wuƙar nan, amma kafin nan ɗin bai zo ba. Kuma daga ranar bai sake ja wa kowa layi ba. Duk hoton da ka gani a gwangwanin nan da lafiyayyen wuya, bayan wannan ranar aka ɗauke shi, ban da na Yaya.

Rubutun gwamnatin kuwa, da na iya karatu shi na fara nema. Na haɗa baƙaƙen da ƙyar. Hannun Yaya ne, ashe a soja ya koyi boko. Ya ce a gaida mutanen gida, kar a ba kowa kekensa. Keken da tun satin da ya tafi ɗan kawunmu ya hau ya faɗa kwata da shi.

Shekaranjiya jikar tawa ta dawo tana washe baki. Ashe ta ɗauki hotunan duka a waya, wayar ta sa musu kala, ta goge layukan tas. Ta ce, "Kin gani, tsohuwa? Na ɗinke wa kowa wuya, har jakin." Ta yi ta turawa da yatsa. Ga ni, ga 'yan lungunmu, ga sarƙar aro, ga Yaya a tsakiyarmu, wuyansa kamar na kowa.

Na ce ta mayar da layin.

Ta ce, "Haba Hajiya, ai sun fi kyau haka."

Na ce ban ce ba su yi kyau ba. Mutum ɗaya ne a gidanmu ba a yanka ba, kin zo kin sa ba a gane shi. Ta ce wayar gogewa kawai ta iya, ba ta iya mayarwa ba. Na ce to ta bar mini na gwangwani, ta tafi da nata.