Mai Kirifto a Layin Doya

Minti ashirin ke nan ina tsaye bayan mutumin nan a layin doya na kasuwar Gwagwalada, ya tare hanya ya hana ni ciniki. Farar shadda ce a jikinsa, takalminsa bai san laka ba, ga waya biyu a hannu ɗaya. Yana ta cika mai doyar, Mama Patricia, da bayanin yadda ya yi arziki da kirifto, wai yanzu ya zuba jari a wata manhaja da za ta kai doyarta Dubai. Ina jin a faranti kawai ya san doya.

Hoto yake so. Sai ya sunkuya ya zaro doya mafi girma daga ƙasan tulin. Tulin ya rushe, doya na gangarawa, wasu na karyewa. Kowa a nan ya san doyar da ta ji ciwo ba ta ajiyuwa.

"Sorry Mama, manhajarmu za ta gyara duk wannan," in ji shi, idonsa na kan waya.

Ta ɗauki ɓarin doya ɗaya ta miƙa masa. "Oga, fara da wannan."