Gashin Zabuwa a Kallabin Turai

Da an sallame asuba Inna Turai ta Ruma take fita, gashin zabuwa soke a kallabi, tana leƙa akurkin mutane. Shekara arba'in ita ke gyaran kaji a biki da suna, ladarta kai da ƙafa. Amma duk kazar da ta buɗe sai ta kalle ta.

A nan ta gane huhun tsuntsu ƙarami ne, manne da haƙarƙari, ba ya kumbura irin na rago. Iskar tana cikin wasu jakunkunan tantani, sirara kamar ɓawon albasa, ƙirjin ne ke zuga su. Ka matse ƙirjin, ka toshe numfashi.

Shekarar da Maraɗawa suka kwashe shanun ƙauyen Darini, wata Hansai ta can, wadda mijinta ya rasu, ba abin da ya rage mata sai 'yan tsakin zabi goma sha bakwai. Damina ta sauka, 'yan tsakin suka kama miƙa wuya suna buɗe baki. Ƙanen mijinta, Barau mahauci, wanda bai taɓa cewa bai sani ba, ya riƙa damƙe su yana ɗura musu jiƙo. Uku suka mutu a tafinsa. Ya ce maita ce, har ya fara hararen maƙwabta.

Turai ta tako tun daga Ruma.

"Sannu da aiki, Barau. Rago ka samu?"

"Inna, magani nake ba su."

"Mayen da kake nema, ga shi nan, yatsu biyar gare shi. Sake shi!"

Ta tallafe tsako ta ƙafa da ƙeya, ta buɗe bakin, ta nuna wa Hansai 'yar kafar numfashi a gindin harshe. Ta zura gashin, ta murza, ta zaro jar tsutsa kamar zare. Tsakon ya yi atishawa. Cikin sha huɗun da suka rage, sha biyu suka rayu.

Ke ce mai hannun auduga, Inna. Ke kika raba Hansai da bara, kika wanke maƙwabta. Yanzu ido ya yi rauni, kin ajiye gashin. Allah Ya saka miki.

Ku matan Ruma, ku rage zaman tsegumi, mu tsofaffi mun ishe ku. Ku je ku koya tun tana iya nunawa. Mai shakka ya bi ta Darini da hantsi: kukan zabin Hansai ba ya barin Barau ya ji ko sallama.