Karkataccen Aljihu

Tela ya yi furfura a kan keken ɗinki ba tare da an taɓa dawo masa da aiki ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo. Abin da aka san shi da shi kuwa miƙaƙƙen ɗinki ne. Ko maɓalli zai sa, sai ya auna.

Ƙanensa, Auta, mawaƙi ne. Ya tara gashi har kafaɗa, yana salon waƙar rege mai sauƙin nan da ake gaurayawa da kiɗan rawa na zamani. Da ya gama naɗar kundin waƙoƙinsa na farko, sai ya kawo yadi ja da kore da rawaya, a yi masa rigar da zai sa a hoton bangon kundin.

Ranar hoton ya faɗo shagon yana haki. Riga ta haɗu, saura aljihu. Tela ya ɗan kafa shi da zare ne kawai kafin ya auna, ga shi kuma ya karkace.

"Yaya, mai hoto yana jira."

"Ya jira. Ban ɗinka aljihun ba."

"Wa zai tsaya kallon aljihu?" in ji Auta. Ya zare rigar daga kan keke ya fita.

Kundin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Motocin haya shi, gidajen rediyo shi, masu sayar da faifai suna kawowa yana ƙarewa. Masu sharhi a jaridu kuwa suka rabu biyu. Wani ya ce Auta ya tsinka rege da ruwa har ya salance. Wata ta ce rabon da ta ji murya mai daɗin tasa an daɗe. Shi Tela bai damu da wannan ba. Abin da ya hana shi sakat shi ne hoton, wanda aka liƙa a kowace kwana, aljihun nan a karkace a ƙirjin ƙanensa, kuma duk unguwa ta san wanda ke yi wa Auta ɗinki.

Sai samari suka fara zuwa da yadi, kowa yana son "irin ta Auta". Tela ya ɗinka musu, ya miƙe aljihu sambal. A karon farko a rayuwarsa, aka dawo masa da aiki.

"Baba Tela, ka ɓata min riga," in ji wani. "Aljihun ya miƙe."

Ya koma gida ransa a jagule. Matarsa ta saurare shi har ya gama, tana danne dariya.

"To Malam, ka karkata musu mana."

"In karkata da gangan? Da sunana a wuyan rigar?"

"Ai wasu telolin sun fara. Na ga ɗaya a kasuwa, aljihun ya kusa shiga hammata."

Wannan ce ta tsaya masa a rai. Ashe har kuskuren nasa ma ana ɓata masa shi.

Da safe ya aika Auta ya kawo rigar ta asali. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya sa tabarau, ya ɗauki tef da alli ya auna karkatar daga kafaɗa da kuma daga layin maɓallai. Sannan ya yanka kwali daidai da ita, ya rataye a ƙusa kusa da almakashi. Tun daga ranar, duk aljihun da ya fita daga shagon da wannan kwalin ake karkata shi, babu wanda ya fi wani ko da faɗin zare.

Auta ya leƙo wata rana sanye da rigar ta asali, ya tarar da riguna jere a kan igiya, aljihunansu duk sun karkata gefe guda.

"Yaya, ashe ka shiga zamani."

"Tsaya can," in ji Tela, yana duban ƙirjinsa ta saman tabarau. "Aljihun taka ya ƙara zamewa. Cire in mayar da shi inda yake."