Ranar da Aka Yanka Saniyata

Wanda ya rubuta abin da zai ceci rai, sannan ya ce sai an yi rajista za a karanta, ban yafe masa ba. Shi ya ci mini saniya.

Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci a Aujara. Na sha dariyar matan unguwa har na iya karatu, na sayi waya mai shafawa. Saniya ɗaya gare ni, gadon mahaifina, da nononta nake ci tun rasuwar maigida.

Wata la'asar bayan girbi ta tsinke igiya ta faɗa gona, ta ci gyauron dawa. Kafin a koro ta cikinta ya kumbura tim, ta zube a gindin turke tana kumfa tana shure-shure. Ƙanin mijina ya iso da wuƙa, don in ta mutu ba yanka ta zama mushe.

Na ce ya dakata. Na taɓa jin ana huda cikin iska ta fita, amma ban san a ina ba. Na rubuta tambayar a waya. Ga shi kuwa da Hausa, ciwon da alamominsa. Ina isowa inda za a faɗi wurin hudawa, wani farin allo ya rufe rubutun. Wai in sa imel, in ƙirƙiri lambar sirri, in jira saƙo. Ina ni ina imel?

"To 'yar boko, me wayar ta ce?" in ji shi. "Ko ba ku gama gaisawa ba?"

"Rufe mini baki! Kai dai nama kake hange."

Na fizge wuƙar, na durƙusa, na ɗora tsininta a kan fatar. Hagu ne ko dama? Sama ko ƙasa? Ina nan ina lalube idanunta suka juye. Ya bangaje ni, ya murɗe wuƙar daga hannuna, ya yi bisimilla ya yanka. Jini ya yi tsartuwa ya wanke mini zane, da zafinsa.

Na duba wayar, allon na nan yana jiran sunana. Na jefa ta a turmi na ɗauki taɓarya. Na daka har gilashi ya fantsamo ya yanke ni a ƙafa. Ba wanda ya yi gigin riƙe ni.

'Yata ta ce ai da sunayen masu karatu suke neman abincinsu. Na ce to su bari in karanta, sannan su tambaye ni. Da har sunan kakata zan ba su.

Washegari na ɗaure ƙafar da tsumma, na hau motar Dutse, na nemi likitan dabbobi. Ya tambayi abin da ke damun saniyar. Na ce an riga an raba namanta, shi dai ya tashi ya nuna mini a jikin wata inda ake hudawa.