Taɓarya Kafin Magana

Duk sa'ad da na ji lugude daga wani gida, Hajiya nake tunawa, tsohuwar ungozomar da ta horar da mu 'yan makaranta a Faskari, shekarun arzikin man fetur, don mu riƙa yi wa tsaranmu zancen lafiya.

Ta taɓa aika ni Yankara wurin Talatu, sa'ata, wadda ɗanta ke gudawa. Surukarta ta hana a ba shi ruwa, wai ƙara zawon yake. Na tsaya da takalmina na karanta musu littafi. Suka gode, suka sallame ni.

"Ɗiyata, wa ke sauraren mai takalmi?" in ji Hajiya da na dawo na ba ta labari. "Koma gobe ki amshi taɓarya."

Na koma. Muna daka, ƙaiƙayi na tashi, na yi wa Talatu magana a hankali. Ta dafa ruwa ta ba yaron, surukar tana kallo, ba ta hana ba. Yaron ya tashi.

Allah ya haskaka kabarin Hajiya. Sai a zaman makokinta Talatu ta gaya mini cewa ranar Hajiya ta riga ni zuwa, ta daɗe a ɗakin surukar.