Baƙin Layi Ba Kwalta Ba Ne

Tun ina 'yar shekara goma sha huɗu nake son in ga dusar ƙanƙara, kuma littattafan soyayya ne suka jawo mini. A lokacin akwai wata mata a bakin kasuwar unguwarmu da ke ba da hayarsu. Nakan karɓo ɗaya in ɓoye a cikin littafin lissafi, in karanta har tuwo ya kama. A cikin labaran nan, idan so ya kai maƙura, ango yakan ɗauki amaryarsa zuwa ƙasar sanyi, su tsaya a kan dutse fari fat, ƙanƙara tana sauka a kan mayafinta, shi kuma ya riƙe hannunta. Yanzu da na girma ina zargin marubutan ma ba su taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta firji ba. Amma ni na gaskata su, kuma na ajiye hoton nan a zuciyata.

Mutumin da Allah ya ba ni bai taɓa karanta irin littattafan nan ba. Direban motar haya ne, ya yi fiye da shekara talatin yana bin hanyar Kaduna zuwa Abuja kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida. Mutumin kirki ne, bai taɓa dawowa hannu rabbana ba, ko doya ko lemo sai ya riƙo. Sai dai idan za mu coci, yana gaba da taku goma ina biye. Sau biyu na san ya riƙe hannuna a gaban mutane: ranar da ya sa mini zobe, da wata rana da za mu tsallaka babban titi a Gonin Gora, ya ja ni kamar mai kai akuya kasuwa.

A Gonin Gora ɗin nake sayar da gwanjo a bakin hanya, yawanci rigunan sanyi masu kauri, irin waɗanda 'yan acaɓa da masu gadi suke so. Duk mai gwanjo ta san cewa idan an yanka dila, ba a rataye riga sai an laluba aljihunta. Na sha samun safar hannu ƙafa ɗaya, da alewar da ta narke, da man leɓe. Sau uku kuma, a cikin shekaru da yawa, na samu takarda mai santsi a ninke, idan an buɗe sai ga hoton duwatsu farare da layuka masu launi suna gangarowa daga sama, baƙi da ja da shuɗi da kore. Rubutun ba Turancin da na sani ba ne. Na dai gane taswirar wuraren da Turawa ke zuwa zamiya a kan ƙanƙara ce, domin akwai hoton mutum a kan katako biyu dogaye. Na adana su a gwangwanin biskit. Ranar da kasuwa ta yi sanyi nakan buɗe ɗaya in bi layi da yatsa, in zaɓi inda za mu tsaya ni da shi.

Babbar 'yarmu nas ce a Turai. Wata rana ta kira ta bidiyo ta ce bana ba za su zo Kirsimeti ba, mu ne za mu je. Ta ce takardunmu sun kusa fitowa, kuma za ta kai yaranta hutu kan duwatsu su koyi zamiya, da mu za a tafi. Ban san lokacin da na ɗauko gwangwanin ba. Na buɗe mata taswirorin ɗaya bayan ɗaya a gaban waya.

"Mama, ina kika samo waɗannan?"

"A aljihun mutane."

Ta yi dariya ta duba sunayen, ta ce duka ukun jirgin ƙasa yana kaiwa kusa da su. "To ke za ki zaɓa, Mama. Ki faɗa mini nan da mako ɗaya in kama mana masauki." Tana sauri za ta shiga aiki, sai ta kashe.

Maigidana yana gefe yana jin komai. Da na juyo ya ce, "Maman yara, ni fa ba na zuwa inda babu hanya. Da wannan gwiwar ba zan hau dutse da ƙafa ba, ina ji ina gani."

Ba ƙanƙarar kaɗai nake so ba. Idan na je ni kaɗai, me zan yi da ita? Na ce masa ai ga taswira, shi ne masanin hanya, ya duba ya zaɓa mana.

Ranar Lahadi bayan an taso coci muka shimfiɗa su a kan tabarma a barandar gidanmu a Trikania, muka danne kusurwoyin da kofuna. Ya sa tabarau, ya gyara zama. Na daɗe ban ga fuskarsa ta yi haske haka ba.

"Wannan ai a fili yake," in ji shi. "Taswira duk duniya ɗaya ce. Baƙin layi kwalta ne. Ja hanyar burji ce, jar ƙasa. Shuɗi rafi ne. Kore kuma hanyar daji ce, irin ta shiga gonakin Kakau."

Ya ɗauki ta farko, ja ya yi mata yawa. Ya ce ƙura da gargada, ya ajiye. Ta biyu kusan duk kore ce da shuɗi, da 'yan gidaje a gindin dutse. Ita na fi so a raina, domin akwai hoton ƙaramin coci mai tsini, kuma a nan na saba tsayar da mu. Ya girgiza kai.

"Ƙauye ne wannan. Dubi rafuka, ko gada ɗaya ban gani ba. Ruwa ɗaya za a yi mota ta kafe."

Da ya buɗe ta uku sai ya yi murmushi. Baƙaƙen layuka ne tun daga ƙololuwa har ƙasa, wasu a miƙe sambal.

"Kin ga inda gwamnati ke aiki. Kwalta har kan dutse." Ya nuna wasu siraran layuka masu ɗigo-ɗigo da suka miƙe zuwa sama. "Ga wayar lantarki ma sun ja musu. Nan za mu."

Na haƙura da ƙaramin cocina. Tunda ya ce "za mu", ko ina ne na yarda.

Kashegari ya ninke taswirar ya sa a aljihu ya tafi tasha wurin tsofaffin abokan aikinsa. Ya dawo yana ba ni labarin yadda suka kewaye shi, yana nuna musu yadda Turawa suka shimfiɗa kwalta a kan dutse ba kwana ko ɗaya. Wani Alhaji da suka yi tuƙi tare ya roƙe shi ya ɗauko masa hoton titin.

Da mako ya cika 'yarmu ta kira. Baban ne ya karɓi wayar da kansa, ya ɗaga taswirar ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ga ta rufe baki da hannu. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma dariyar ta fi ƙarfinta, har yaran suka leƙo suna tambayar me ya faru.

"Baba, ba tituna ba ne. Hanyoyin zamiya ne. Kore na 'yan koyo ne, shuɗi mai sauƙi, ja mai wuya. Baƙi kuwa na gwanaye ne, gangara ce kamar bango. Ko ni ba na kusantarsa. Wurin da ka zaɓa, masu neman karaya ne ke zuwa."

"Wayar lantarkin fa?" na tambaya, don in rage masa nauyi.

"Igiyar ƙarfe ce, Mama. Wasu akwatuna masu gilashi ne ke rataye a jiki, suna kai mutane sama."

Ya cire tabarau a hankali ya ninke. Ya miƙa mini wayar ya ce, "To, ku je lafiya. Ku gaishe da ƙanƙarar." Ya shiga ɗaki.

Kwana uku bai sake zancen ba, kuma bai je tasha ba. Mutum ne da a shekara talatin bai taɓa tsayawa tambayar hanya ba, ga shi jikokinsa sun ji ana yi masa dariya a kan taswira. Ni kuma ina zaune a rumfa ina kallon rigunan sanyi suna lilo a kan igiya, ina jin kamar an yage shafin ƙarshe na littafin da na yi shekara arba'in ina karantawa.

Hajiyar da ke sayar da zannuwan gado a rumfar kusa da ni, 'yar unguwar Makera ce, mun fi shekara goma muna cin abinci a kwano ɗaya. Ta ga ban taɓa ƙosan da ta miƙo mini ba, ta matsa sai da na faɗa mata. Ta yi dariyarta ta more, sannan ta share ido da gefen mayafi.

"Ke ma da naki. Kin bar yarinya ta ƙwace masa sitiyari a gaban fasinja. Direba ko ya ɓata hanya ba a sauke shi, sai dai a ce masa, Malam, ina ka ga ya fi? Ki mayar masa da kujerarsa."

Da yamma na tarar da shi a baranda yana jin rediyo. Na shimfiɗa taswirorin a gabansa kamar ban san an yi komai ba. Ya kawar da kai.

"Baban yara, tambaya ce da ni. Mutum nawa ka koya wa tuƙi?"

"Sun fi a ƙirga."

"A ina kake fara musu?"

"A fili mana. Wa zai ba ɗan koyo mota a gangara? Sai ya san birki tukuna."

"To ni 'yar koyo ce, jikokinka ma 'yan koyo ne. Abin da za mu hau ko birki ba shi da shi. Uwarsu allura ta sani, ba ta san gangara ba. Idan ba ka duba mana ba, wa zai duba?"

Ya dubi taswirorin. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki tabarau. Ya ture ta ukun gefe da bayan hannu kamar ba shi ya taɓa yabonta ba. Ya daɗe a kan ta biyu, yana bin korayen layukan da yatsa, yana nuna mini yadda suke kwana-kwana maimakon su faɗo a miƙe.

"Wanda ya zana wannan ya san aiki. Gangara ba a fuskantarta kai tsaye, zagaya ta ake yi. Nan za ku fara, kusa da cocin nan. Kada in ga kowa a kan shuɗi sai na ce."

"Daga Trikania za ka gan mu?"

Ya harare ni ta saman tabarau. "Akwatin nan da ke tafiya a kan igiya, wa ke tuƙa shi?"

"Ban sani ba."

"Ina injinsa yake?"

"Sai dai ka je ka gani."

Shi ya kira 'yarmu da kansa ya sanar da ita wurin da ya zaɓa, ya kuma ja mata kunne a kan yara.

Rigunan da muka tafi da su daga dilata na zaɓo, tasa ruwan toka, tawa ja. Na ce su ma su je su ga gida. Ƙauyen ya fi na taswira kyau, kuma cocin yana nan da tsininsa. Na hau katakon sau ɗaya a kan koren layi, na faɗi sau uku, yana tsaye a gefe da sandarsa yana ba da umarni da Hausa, ba mai jin sa sai ni. Ƙanƙarar kuwa ba ta yi laushin da littattafai suka ce ba. Tana shiga wuya, tana sa hanci yoyo.

A rana ta uku muka shiga akwatin gilashin, mu biyu kawai, don yara sun riga mu. Ya leƙa sama ya leƙa ƙasa yana neman direba, bai samu ba. Ƙofa ta rufe da kanta. Akwatin ya yi lilo sau ɗaya, ƙasa ta fara nisa, itatuwa suka koma kamar tsintsiya. Sai na ji ya damƙe hannuna.

"Kada ki ji tsoro," ya ce, idonsa a rufe.

Ba na jin tsoron komai, amma na ce masa to. Ƙanƙara tana sauka a kan gilashi, duwatsu farare ta kowane gefe. Bai saki hannun ba har muka kai sama, kuma da muka fito bai yi gaba da taku goma ba, wai ƙasar tana da santsi.

Yanzu ya koma zuwa tasha. An ce yana gaya musu kwaltar tana nan, ƙanƙara ce ta rufe ta. Alhajin nan ya tare ni a Gonin Gora ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce masa ni ban duba ƙasa ba.