Malam Shitu da Ƙaramar Ƙofar Iya Saude

Malam Shitu ba ya taɓa wayar lantarki ranar farko. Duk wanda ya taɓa kiran shi aiki tsakanin Bebeji da Doguwa ya san haka. Yakan baro Ƙafin Maiyaki da hantsi a kan tsohon babur ɗinsa, ya isa gidan, ya gaisa, ya nemi tabarma a zaure. Nan zai wuni da ɗan littafi a cinya, yana rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita: mai tallan nono, maƙwabciya mai aron turmi, har akuyar da ta san hanya. Sai washegari yake kwance jakar kayan aiki.

Sana'arsa haɗa jiniyar tsaro da sauran kayan gida, wato fitilu da makullin ƙofa da famfo da wayar mai gida, su riƙa jin maganar juna a kan batirin sola ɗaya. Da gyaran rediyo ya fara, shekara talatin ke nan. Bana idonsa ya soma gaza ganin ƙananan wayoyi, ya ce daga wannan damina ya ajiye tsani. Ban taɓa rubuta labari ba, shi ya sa duk abin da ke nan sai da na ji shi daga bakin mutum biyu.

Zaman zauren nan yana da asali.

Iya Saude tana cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa. Da aka ba su sabon wuri, ita da mijinta suka yi gini jikin tsofaffin maƙwabtansu, suka bar ƙaramar ƙofa a katangar tsakani, yadda take a ƙauyen da ya nutse. Mijin ya rasu, 'ya'ya suka watse. Shekara huɗu da suka wuce aka saci awaki a unguwar, ɗanta Abdulhadi da ke aiki a Kano ya kira Malam Shitu.

"Ko kyanwa ce ta shiga, ina so wayata ta faɗa mini," in ji shi.

A wuni ɗaya aka gama. Kowace ƙofa ta samu maganaɗisunta, har ƙaramar. Da an buɗe, jiniya ta ɗauka, fitilu su kama, ƙofar waje ta kulle kanta, waya ta buga a Kano. Ya nuna wa Iya maɓallin da za ta danna da safe ta kashe. Ta ce ta gane.

Washegari Lubabatu, matar Tasi'u na gidan maƙwabta, ta turo ƙaramar ƙofa da kwanon koko, kamar yadda take yi shekara goma sha tara. Iya ba ta danna maɓallin ba. Jiniya ta ɗauka. Maza suka ɗiro ta katanga da sanduna, suka tarar da ita tsaye, koko na zuba a zaninta.

"Af, Lubabatu, ashe ke ce mai awakin?" wani ya ce, aka kwashe da dariya.

Wasa ne. Amma ta ajiye kwanon a ƙasa ta juya, ba ta sake zuwa ba. Mata suka hana 'ya'yansu ma shiga gidan.

Ba wanda ya kai wa Malam Shitu ƙara. Abdulhadi yabo ma ya bugo ya yi: "Wayata shiru, Malam, aiki ya yi kyau." Shirun ne ya tsaya masa a rai. Ya duba bayanin da na'urar ke ajiyewa, ya ga kwana tara ba a buɗe ƙaramar ƙofa ba. Ya hau babur.

"Ka zo duba fursunarka?" Iya ta ce, tun bai gama sallama ba.

"Iya, ina wuni?"

"Lafiya lau, ni da ƙwan lantarki. In na motsa ya kama, in na zauna ya mutu. Sai dai bai iya dama koko ba."

Kwana biyu ya yi yana zuwa zauren, bai kwance jaka ba. Ya lura abu ɗaya ne ba ya canzawa a gidan: sau biyar a rana tsohuwar na buɗe famfo ta cika butar alwala. Ya nemi izinin Tasi'u, ya tsaya a soro ya ba Lubabatu haƙuri. Ya ce kuskurensa ne, ya sa wa gida waya bai san gidan ba.

"Malam Shitu, ni fa ba na shiga inda katanga ke yi mini ihu," ta amsa daga ciki.

"Ta daina ihu. Kiran ki za ta riƙa yi, in kin yarda."

Ya cire ƙaramar ƙofa daga layin jiniya. Ya ɗaura wa bututun famfo wata 'yar na'ura mai jin wucewar ruwa. In lokacin salla ya wuce da awa guda ba a buɗe famfo ba, ƙaramar ƙararrawa za ta kaɗa a madafin Lubabatu, makullin ƙofar ya saki, sannan waya ta buga a Kano. Abdulhadi bai so ba.

"Malam, ka buɗe wa mutane ƙofa, wane irin tsaro ne wannan?"

"Alhaji, daga ofishinka zuwa nan awa nawa ne? Daga murhun Lubabatu taku goma sha biyu ne. Na ƙirga."

Wata bakwai sau ɗaya ƙararrawar ta kaɗa, ranar da Iya ta tafi suna ba ta faɗa wa kowa ba. Sai wata Talata cikin bazara, bayan azahar, maza duk suna wajen ban ruwa, ta sake kaɗawa. Lubabatu ta bar tukunya a wuta. Ta samu Iya kwance bayan rumbu, cikin rana, ta zame ta karye a ƙugu, murya ta dishe don kira. Buta na gefe, ba ruwa a ciki. A asibiti an ce da ta kai la'asar a wurin, da wani labarin ake yi.

Kai ne, Malam Shitu, ka ga kuskuren da ba wanda ya nuna maka, ka koma ka gyara. Kai ne ka je soron wani ka ba matarsa haƙuri a kan dariyar da ba kai ka yi ba. Mai zaman zaure, tun daga ranar ba ka sake sa wa gida waya ba sai ka san masu shiga cikinsa. A Badafi ka bar wa masu ɗiban ruwa hanya, a gefen dajin Falgore ka koya wa na'ura ta bar shanu su wuce lafiya.

Watan jiya ya je yi wa Iya sallamar barin aiki. Tana zaune da sandarta, Lubabatu na tsince mata shinkafa.

"Wai ana cewa wayarka ce ta cece ni," Iya ta ce. "Ni dai ban ga waya ta ɗaga ni ba. Lubabatu na gani."

"Haka aka haɗa ta, Iya," ya ce.

Mun gode, Malam Shitu. Allah ya ƙara wa idon haske, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu ɗaukar tsanin bayansa, in kun isa gida kada ku fara tambayar inda batir zai zauna. Ku fara neman tabarma.